MUSIC-N

MUSIC-N suna ne da ake kiran jerin manhajojin kwamfuta na haɗa kiɗa waɗanda suka samo asali daga manhajar MUSIC, wadda injiniya Max Mathews ya rubuta a shekarar 1957 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka. Harafin N yana tsaye ne a madadin lambar kowane zubi, kamar MUSIC II ko MUSIC V. Tun a 1951 an sa kwamfutoci a Ostireliya da Ingila sun busa ƴan waƙoƙi, amma MUSIC ce manhaja ta farko da ta yaɗu wadda ke lissafa siffar sautin da kansa.

Asali

Bell Labs cibiyar kamfanin tarho ce, kuma aikin Mathews a can ya shafi mayar da muryar mutum zuwa lambobi don gwada ingancin layukan waya. Da goyon bayan shugabansa John Pierce, sai ya juya dabarar: maimakon a ɗauki sauti a mayar da shi lambobi, kwamfuta ta ƙirƙiro lambobin, sannan wata na'ura ta mayar da su ƙarfin lantarki da zai motsa lasifika.

MUSIC I ta yi aiki a kan kwamfutar IBM 704 da ke birnin New York. Murya ɗaya take fitarwa, mai launin sauti iri ɗaya tak. Kiɗan farko da aka haɗa da ita na Newman Guttman ne, tsawonsa daƙiƙa 17. MUSIC II ta biyo baya a 1958 da muryoyi huɗu.

Tubalan sauti

Babban sauyi ya zo ne da MUSIC III a 1960. Mathews ya daina ba mawaƙi kayan kiɗa da aka riga aka ƙera, ya ba shi ƙananan tubala. Wani tubali yana samar da kaɗawar sauti, wani yana tsara yadda ƙara za ta tashi ta kuma mutu, wani yana tace sauti, wani yana haɗa biyu wuri ɗaya. Mai amfani shi zai jona su yadda yake so ya gina abin kiɗansa. Aikin ya kasu gida biyu: bayanin kayan kiɗan, da kuma jadawalin da ke faɗin lokacin da kowane sauti zai fara, tsawonsa da ƙarfinsa. Yawancin manhajojin haɗa sauti na yau a kan wannan tsari suke tafiya.

A 1961 John Kelly da Carol Lochbaum suka sa kwamfuta ta rera waƙar Daisy Bell, Mathews ya haɗa kiɗan rakiya. Marubuci Arthur C. Clarke ya ji ta a wata ziyara, abin da ya sa kwamfutar HAL ke rera ta a fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968.

Yaɗuwa

MUSIC IV, wadda Mathews ya rubuta tare da Joan Miller, ta fito a 1963, shekarar da ya wallafa maƙala a mujallar Science yana bayyana kwamfuta a matsayin abin kiɗa. Sai dai zubin farko duk an rubuta su ne da harshen inji na wata kwamfuta takamaimai, don haka da an sauya kwamfuta sai a sake rubutu. MUSIC V, ta ƙarshen shekarun 1960, an rubuta mafi yawanta da harshen Fortran, wanda ya sauƙaƙa kai ta wasu cibiyoyi. Da waɗannan manhajoji Jean-Claude Risset, ɗan Faransa, ya kwaikwayi sautin kakakin Turawa, ya nuna cewa launin sauti yana sauyawa daga farkon busa zuwa ƙarshenta. A Jami'ar Stanford, John Chowning ya gano dabarar FM ta haɗa sauti a 1967. Kamfanin Yamaha ya karɓi lasisinta, kuma ita ce ƙashin bayan DX7 ta 1983. Barry Vercoe ya rubuta MUSIC 360 da MUSIC 11, daga baya kuma Csound a tsakiyar shekarun 1980, wadda har yanzu ake amfani da ita.

Matsalar jira da na'urorin sarrafa sauti

Sauti yana cin lambobi da yawa. Don a fitar da sautin da ke kaɗawa sau 5,000 a daƙiƙa, ana buƙatar aƙalla lambobi 10,000 a kowace daƙiƙa, kuma kowace lamba sai ta bi ta duk tubalan. Kwamfutocin lokacin ba su da wannan sauri. Mawaƙi yakan huda katuna, ya miƙa su, ya jira sa'o'i ko kwanaki kafin a naɗi sakamakon a tef a mayar da shi sauti. Idan akwai kuskure ɗaya, sai a koma farko. Makaɗi kuwa ba zai iya kaɗa abin da ba ya ji nan take ba.

Mathews da F. Richard Moore sun kauce wa matsalar da tsarin GROOVE a 1970, inda kwamfuta ke sarrafa na'urar sauti ta lantarki kawai. Wasu kuma suka ƙera injuna na musamman da ba su da aiki sai lissafin sauti. Stanford ta karɓi Samson Box a 1977. A cibiyar IRCAM ta Paris, Giuseppe Di Giugno ya ƙera jerin injuna daga 4A zuwa 4X, wadda ke iya karɓar sautin makaɗa a dandali ta sarrafa shi nan take. Pierre Boulez ya yi amfani da ita a kiɗansa Répons, wanda aka fara gabatarwa a 1981. A IRCAM ɗin ne Miller Puckette ya rubuta manhajar Max a shekarun 1980, wadda aka raɗa wa sunan Mathews, kuma ɗaya daga cikin ayyukanta na farko shi ne sarrafa 4X.