Amanawa: Yadda 'Yan Mishan Suka Shigo Ƙasar Shehu Ta Ƙofar Kutare

 Yau ba zancen sarauta ko yaƙi za mu yi ba. Zancen kutare ne, da Turawan mishan da suka baro ƙasashensu suka zo suna wanke musu gyambo a bayan garin Sakkwato.

Mu fara daga Boɗinga. Nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, kuma a Sifawa da ke cikin wannan ƙaramar hukuma Shehu Usmanu ya yi shekaru yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Cibiyar jihadi ke nan. To amma in ka leƙa maƙwabciyarta Dange-Shuni, wadda suke mazaɓar tarayya ɗaya da ita da Tureta, za ka tarar da Amanawa, asibitin kutaren da mishan suka riƙe shekaru da dama. Ta yaya suka samu wurin zama a nan?

Ƙungiyar da ake kira SIM ta faro ne da samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, waɗanda suka sauka Legas a ƙarshen 1893 da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, wato mu. Shekara ba ta zagayo ba biyu suka mutu, Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1902 suka iya kafa tasha a Patigi. Da Lugga ya ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya yi alkawarin gwamnati ba za ta sa baki a addinin mutane ba, don haka aka yi ta taka wa mishan birki a masarautun Musulmi har wajen shekara talatin. Kada ku ɗauka don son Musulunci ne, Bature zaman lafiyarsa da harajinsa yake tsaro.

Kuturta ce ta buɗe ƙofar. Cutar ta yi yawa a Arewa, gwamnati ba ta da likitoci, En'e ba ta da ma'aikata. A ƙarshen shekarun 1930 aka shirya da sarakuna, SIM ta karɓi kula da sansanonin kutare na larduna: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Ku ɗan tsaya kan sunan nan Yadakunya. Ya da kunya. Wanda ya raɗa shi ya san ciwon bai tsaya a fata ba.

A nan sai mu yi wa kanmu adalci. Bahaushe bai kori kuturu daga gari ba. Akwai Sarkin Kutare, akwai sadakar Juma'a, har karin magana muka yi masa, kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. Amma fa daga nesa ake miƙa sadakar. Kwanonsa daban, tabarmarsa daban, in ya je neman aure a ce a bincika dangi. Sai ga wata baturiya daga Kanada ko Amurka ta durƙusa, ta kama ƙafar da 'yan'uwansa ke ƙyama, ta wanke ta ɗaure, gobe ma ta sake. Mutumin da ya shekara goma ba wanda ya ba shi hannu, me kuke zaton zai ji?

Maganin lokacin kuwa wahala ne. Man wani itace ne na ƙasar Indiya, chaulmoogra, ake yi wa mutum allurarsa a fata, ga zafi ga ƙarancin amfani. Sai a ƙarshen shekarun 1940 Dokta John Lowe ya tabbatar a Uzuakoli, can kudu maso gabashin Najeriya, cewa ƙwayar dapsone mai araha tana aiki in an haɗiya. Daga nan aka fara sallamar mutane da takardar warkewa, aka kuma buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka.

Wani zai ce, ai da manufa suka zo. Ƙwarai kuwa, su ma ba su ɓoye ba. Sun gina majami'a, sun koyar da karatun boko da Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma inda aka fi samun saɓani da sarakuna shi ne kan yara, musamman waɗanda ake raba su da iyayensu don kada su kamu. Wasu sun karɓi Kiristanci, har suka zama malaman asibiti da masu wa'azi a ikilisiyar ECWA da aka kafa a 1954. Da yawa kuma sun sha magani sun koma gida da sallarsu. Ni a ganina abu biyun duk gaskiya ne: dabara ce ta shiga inda aka hana su, kuma wanda ya shekara ashirin yana wanke gyambo cikin zafin Sakkwato, dabara kaɗai ba za ta zaunar da shi ba.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe asibitocin mishan, Amanawa ta koma hannun jiha. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da haɗin magunguna da ke warkar da kuturta cikin wata shida zuwa shekara guda, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Ba gadonta ake yi ba, ƙwayar cuta ce, kuma wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Sai dai yatsun da suka riga suka gutsure ba sa dawowa, shi ya sa har yau akwai tsofaffin da suka warke tuntuni amma suna zaune a kewayen Amanawa da 'ya'ya da jikoki, don garuruwan da suka baro ba su sake neman su ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.