Asusun USPF da aikin kai intanet ƙauyukan Najeriya

Dokar Sadarwa ta Najeriya ta 2003 ce ta tanadi asusun USPF domin kai waya da intanet yankunan da kamfanonin sadarwa ba su isa ba. Ya fara aiki a 2006, kuma sakatariyarsa na ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC.

Kafa turakun sadarwa a ƙauye mai nisa, inda babu lantarki kuma jama'a ba su da yawa, ba ya mayar wa kamfani kuɗinsa. Shi ya sa asusun ke ɗaukar wani kaso na kuɗin aikin, daga harajin shekara-shekara da kamfanonin ke biyan NCC.

Yana kuma kafa cibiyoyin kwamfuta masu aiki da hasken rana a makarantun gwamnati, inda ɗalibai ke shiga intanet kyauta.

A 2013 an gano yankuna 207 da ke fama da rashin sabis. Zuwa 2022 sun ragu zuwa 97. Babban ƙalubalen shi ne ɗorewa, domin idan wa'adin tallafi ya ƙare, biyan kuɗin intanet da gyaran na'urori kan koma wuyan makarantar ko al'ummar.