Hunturu da Wasannin Ƙananan Yara a Achika ta Ƙasar Wudil

Achika ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil a jihar Kano, kuma kamar sauran garuruwan karkarar Kano, rayuwarta ta ginu ne a kan noman damina, inda ake shuka gero da dawa da wake da gyaɗa tun daga faɗuwar ruwa a watan Mayu ko Yuni har zuwa ɗaukewarsa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Bayan an yi girbi a lokacin kaka sai hunturu ya shigo, wato busasshiyar iska mai sanyi da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tana ɗauke da ƙurar Sahara, wadda masana yanayi suka gano cewa kaso mai yawa nata yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe gari, fata ta bushe, ƙafa ta yi kaushi da faso, sanyin asuba kuma a Disamba da Janairu yakan sauko zuwa kusan digiri 12 ko 13. Wannan lokaci, duk da wahalarsa ga jiki, shi ne ya kasance babban lokacin wasa ga yaran wannan yanki tun kafin zuwan makarantar boko, domin a cikinsa ne abubuwa uku da wasa ke bukata suke haɗuwa, wato fili da kayan wasa da sararin lokaci.

Yaran da ake magana a kansu su ne waɗanda ke tsakanin yaye da kaciya. Ana yaye yaro idan ya kusa cika shekara biyu, sau da yawa a kai shi wurin kakarsa har ya manta da nono, ana kuma yi wa yara maza kaciya a da idan sun kai wajen shekara bakwai, kuma wanzamai sun fi son yin ta a cikin sanyi saboda an yarda cewa rauni ya fi saurin warkewa a lokacin. Ke nan hunturu shi ne kuma ke rufe wannan zango na ƙuruciya ga ɗa namiji. A tsakanin waɗannan iyakoki biyu, al'ada ba ta ware wa yaro wani aji na tsaransa kaɗai ba. Yana biye da yayyensa ne, ko a goye a bayan yayarsa ko yana riƙe da gefen zanenta, kuma daga gare su yake koyon kowane wasa ta hanyar kallo da kwaikwayo. A gidajen da ake kulle, uwa ba ta fita ta tsaya a kan wasan ɗanta, saboda haka kulawar waje ta zama aikin manyan yara. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda yara suke zama ƙafafun iyayensu mata wajen aike da talla da raino, kuma wannan tsari ne ya sa ɗan shekara huɗu yake samun malamai da yawa waɗanda ba su girme shi da fiye da shekara biyar ko shida ba.

Filin wasan kuwa gona ce da aka girbe. Da damina shuka takan kewaye gari har bakin katanga, ana tsawata wa yara kada su shiga su yi ɓarna, ana kuma tsoron maciji. Amma da zarar an yanke zangarniya an kai rumbu, sai gonakin bayan gari su zama fili ɗaya shimfiɗaɗɗe, shanun Fulani su shigo kiwo suna barin taki, yara kuma su bazu. Abin da girbi ya bari, wato karan dawa, shi ne tushen kusan dukkan kayan wasan wannan lokaci. Mafi sauƙinsu shi ne dokin kara, inda yaro zai sa dogon kara a tsakanin ƙafafunsa, ya ɗaura igiya a kansa a matsayin linzami, ya yi ta sukuwa yana kwaikwayon mahayan da ya gani a hawan salla, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ya tashi a ƙasar Wudil, wadda sarautar Makaman Kano ta Joɓawa ta daɗe tana riƙe da ita. Manyan yara kan feƙe ɓawon kara su yi siraran tsinke da shi, su yanka laushin da ke cikinsa gunduwa-gunduwa, su soke wannan da wancan har su haɗa ɗaki ko rumbu ko gado, ƙanana kuwa aikinsu ɗauko kara da jiran a gama a ba su. 'Yan mata suna yin 'yar tsana da sillen kara ko da ƙashi, su yi mata kitso da zare, su ɗaura mata tsumma, a wasu lokuta har a yi mata aure da gara da kai amarya. Abin lura a nan shi ne, siffar abin da ake ƙerawa tana bin zamani alhali kayan aikin bai sauya ba: da motoci suka fara bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta ratsa Wudil ta kan gadar kogi, sai motar kara ta shiga sahun dokin kara, daga baya kuma aka samu jirgin sama da tabarau da rediyo, duk na kara. Haka nan kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, idan ruwansa ya fara janyewa, yakan bar yumɓu mai laushi wanda yara ke gina shanu masu tozo da shi, irin waɗanda ake korawa kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a.

Sanyi ne ke tsara lokutan wasan. Da sassafe ba a barin ƙananan yara su fita, suna wurin murhu suna jin ɗumi har sai rana ta ɗaga, sannan su fito shan hantsi a gindin katangar da ke fuskantar gabas, bayan an shafe musu ƙafa da man gyaɗa ko man kaɗanya. A nan ake yin wasannin zaune, musamman tuwon ƙasa, wanda a cikinsa yara ke tara rairayi a sakaina ko a fasasshen kasko su kwaɓa shi a matsayin tuwo, su tsinko ganye a matsayin miya, su raba wa juna muƙamin uwa da uba da baƙo. A nan ne kuma ƙaramar yarinya ke fara gwada carafke, wasan da ake jefa dutse sama a kwashi na ƙasa kafin a cafe shi, ko da yake hannunta bai isa ya riƙe duwatsun duka ba. Da yamma, idan iska ta sake yin sanyi, sai a koma wasannin da ke ɗumama jiki, kamar tsere da ɓuya a bayan tarin kara da gala-gala, wadda ake zana gidaje a ƙasa a riƙa tsallaka su da ƙafa ɗaya, da kuma langa. A langa kowane ɗan wasa yana kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar yana ture abokan hamayya, kowane ɓangare yana kare ɗan wasansa da ake kira ruwa har ya kai wurin sha. Wasan manyan yara ne, ɗan shekara huɗu ba ya iya tsayuwa da ƙafa ɗaya na dogon lokaci, amma a gefen fili ake ganin ƙanana suna faɗuwa suna tashi suna gwadawa, kamar yadda suke kama juna da kokawa a kan rairayi idan sun ga samari sun yi ta bayan girbi.

Daren farin wata kuwa na dandali ne, wato filin da ke tsakiyar gari ko unguwa inda 'yan mata ke yin gaɗa da tafi da waƙa, su yi ɗan maliyo da carman dudu, maza kuma su yi nasu a gefe. Ƙananan yara suna zuwa a goye ko a riƙe, su shiga da'ira na ɗan lokaci, barci ya kwashe su a mayar da su gida. Idan sanyi ya tsananta ko wata ya yi duhu, sai a koma ɗakin tsohuwa a zauna kusa da wuta a saurari tatsuniya da kacici-kacici. Makarantar allo ba ta hana wannan ba, domin ƙolo, wato ɗan ƙaramin ɗalibi mai koyon babbaƙu, karatunsa gajere ne, kuma ana hutu ranar Alhamis da Juma'a. Ya kamata a bambanta waɗannan wasanni da tashe, wanda ake farawa bayan azumi ya kai kwana goma: shi yana bin watan Musulunci ne, saboda haka yana zagaya dukkan lokutan shekara a cikin kimanin shekara 33, kuma ya faɗo a tsakiyar hunturu a ƙarshen shekarun 1990.

Rubuce-rubuce a kan wannan al'ada sun zo ne a makare, kuma da yawansu a gefen wani batu. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana sunayen wasanni da dama, littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya kawo bayanin ƙuruciyar 'ya mace a karkara tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, sannan Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni a 1971 domin makarantun firamare, abin da ke nuna cewa tun a lokacin masana sun ga bukatar a shigar da wasan dandali cikin aji.

Sauyin da ya auku ya biyo ta hanyoyi da yawa, kuma wayar hannu da ake yawan ɗora wa laifi ita ce ta ƙarshen zuwa. Makarantar boko da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ba ta taɓa yaran karkara ba sai kaɗan, amma shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 ya kwashi manyan yara, wato malaman wasan, ya zaunar da su a aji tun safe har azahar a daidai watannin da babu aikin gona, makarantun Islamiyya na yamma da na dare kuma suka ɗauki sauran lokacin, ga kuma wa'azin malamai a kan cuɗanyar samari da 'yan mata wanda ya rage armashin dandali. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sa kogin da ya ratsa Wudil yana gudana har cikin rani, injin ban ruwa ya yawaita, noman rani ya faɗaɗa, ta yadda hunturu ya daina zama lokacin hutu ga gidaje da yawa. Kara ma, saboda ƙarancin itace da tsadar abincin dabbobi, ana kwashe shi da wuri a adana ko a sayar, ba a barinsa zube a gona yadda yara za su ɗiba. Kayan wasan roba masu araha da ƙwallon ƙafa suka cike sauran gurbin.

Daga baya makaranta ta sauko har kan ƙananan da kansu. Tunanin ajin yara 'yan ƙasa da shekara shida ya samo asali ne daga Friedrich Froebel na Jamus, wanda a 1840 ya raɗa wa makarantarsa sunan da ke nufin lambun yara, bisa ra'ayin cewa wasa da waƙa da aikin hannu a sarari su ne karatun yaro ƙarami. Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta amince da wannan mataki amma ta bar shi a hannun masu zaman kansu, sai dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta shigar da shi cikin abin da gwamnati ke ɗaukar nauyi, aka riƙa buɗe abin da jama'a ke kira rabin aji a makarantun firamare. Sai dai a aikace wannan aji ya fi karkata ga haddar baƙaƙe da ƙidaya, yara suna zaune a kan siminti mai sanyi a watan Janairu, alhali abin da Froebel ya nema shi ne kusan abin da yaran Achika suke yi da kara da yumɓu a gindin katanga tun kafin a ji sunansa. Langa ta samu shiga gasar wasanni ta ƙasa a sahun wasannin gargajiya tare da dambe da kokawa, kuma babu dalilin da zai hana malamin rabin aji a ƙasar Wudil ya fito da ɗalibansa filin makaranta da hantsi, ya nemi damin kara ɗaya daga wurin iyayensu, ya kira 'yan aji biyar da shida su nuna musu yadda ake haɗa shi.