Daga Tulun Ladi Kwali Zuwa Intabiyun Minti 45

A tarihin garinmu, ɗaukar aikin da ya fi kowanne suna a duniya tulu ne ya jawo shi. Lokacin sunan garin Abuja, sunan da ya samo daga Abu Ja, wanda ya kafa shi a 1828, kafin a ba sabon birnin tarayya sunan a 1976, mu kuma a koma kiranmu Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau.

A 1950 gwamnatin Turawa ta kawo wani maginin tukwane ɗan Ingila, Michael Cardew, domin ya inganta sana'ar a ƙasar nan. Ya zaga Arewa yana duba yumɓu da itace da ruwa, ya tsaya a Abuja. A gidan Sarki Sulaimanu ya ga tuluna masu zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya, aikin wata Bagwariya daga ƙauyen Kwali mai suna Ladi, wadda ta koyi gini a hannun 'yar'uwar iyayenta. Cibiyar koyon tukwane da Cardew ya kafa ta buɗe a 1952, maza zalla. A 1954 Ladi ta shigo, ita ce mace ta farko.

Abin da yake burge ni shi ne, injin juya yumɓu da tanderun da zafinsa ke wuce digiri 1,200, duk baƙinta ne ran da ta zo. Ita da hannu take gini, tana zagaya tulun tana ɗora yumɓu sahu-sahu. Da a kan injin aka gwada ta, wataƙila da an sallame ta. Aka dubi aikin shekaru da ta riga ta gama, aka koya mata sauran. An baje kayanta a Landan tun 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ga hotonta nan a bayan naira 20.

Ni yara nake koya wa rubuta manhaja a wani ɗan shago a garin nan, kuma gwajin ɗaukar aikin da nake shirya su dominsa kishiyar wancan ne. Shi ma yana da tarihinsa. A shekarun 1990 Microsoft ta yi suna da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, irin su me ya sa murfin ramin kwalbati yake zagayayye. Google ta gaji salon, har a 2013 shugaban sashen ma'aikatanta, Laszlo Bock, ya fito ya ce ɓata lokaci ne, ba ya nuna wanda zai iya aiki. Abin da ya maye gurbinsa shi ne na yau: a ba ka matsala, ka warware ta da kod cikin kamar minti 45, kana rubutu kana faɗin abin da kake tunani, sannan a tambaye ka yadda maganinka zai yi idan bayanan sun kai miliyoyi. Zagaye huɗu ko biyar haka. Yara sukan kwana a shafin LeetCode suna haddar salon tambayoyin.

Fasahar ba ta cika kayar da nawa yaran ba. Tarbiyya ce ke kayar da su. An rene su kada su yi surutu gaban babba, kada su ce masa tambayarsa ba ta fito ba, alhali mai intabiyun waɗannan biyun yake jira ya gani. Na sha cewa yaro, “Kai, yi magana mana!” ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, ai ina tunani ne.”

Duk da haka ba na kukan zamanin da. Tulun Ladi ya samu mai gani ne domin ya shiga gidan Sarki. Maginan Gwari nawa ne nasu ya ƙare a bakin rafi? Gwajin minti 45, da duk rashin imaninsa, ba ya tambayar ɗan wane ne kai. Tun da kamfanin Andela mai horar da masu rubuta manhaja ya fara a Legas a 2014, Microsoft kuma ta buɗe cibiyar injiniyoyi a can a 2019, yaron yankinmu ya gane cewa kwamfuta da data da batirin da zai riƙe in an ɗauke wuta sun isa su kai shi gaban mai ɗauka.

Sai dai ƙofar tana motsi. Microsoft ta rufe waccan cibiyar ta Legas a 2024. A 2025 kuma, da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka sauƙaƙa satar amsa, shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce za su dawo da aƙalla zagaye ɗaya na ganawa ido da ido. Ga mai nema daga Suleja, wannan magana ce ta biza da kuɗin jirgi. Shi ya sa bana na rage wa ɗalibaina haddar tambayoyi, na sa kowa ya gina manhaja guda da wani ɗan kasuwa zai yi amfani da ita da gaske, ya ajiye ta a GitHub inda kowa zai iya dubawa.