Kwanon Mai Tarin Jini

A ƙauyukan yammacin Katsina irin su Tsaskiya, da sauran garuruwan Safana da Batsari da ke gefen dajin Rugu, an daɗe ana ware wa mai tarin jini kwanonsa da moɗarsa. Kakanninmu sun gane cewa ciwon yana yaɗuwa, sai dai kwano suka tuhuma, alhali a iska yake tafiya. A 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka, wato wannan tarin jinin, a Jamus, kuma bincike ya tabbatar da cewa numfashi da tari a ɗaki marar taga ne babbar hanyarta.

Wani zai ce ai warewar ta tsare rayuka. Ware kwano bai hana yaɗuwar ba, sai ma ya haifar da kunya, har mutum ya riƙa ɓoye tsumman da ya tofa jini. Yau magani yana nan kyauta a asibitocin gwamnati, na wata 6, ga kuma cibiyar horarwa ta ƙasa kan tarin fuka a Saye, Zariya. Abin da ya kamata mu gada daga magabata shi ne tsoron yaɗuwar, mu buɗe taga, mu kai mai tari gwajin majina da wuri.