Shingen lantarki da bobin ɗin tsohuwar mota: yadda yake aiki da inda haɗarinsa yake

Shingen lantarki waya ce da ake kewaye garka ko garke da ita, a riƙa tura mata wuta mai ƙarfi bugu-bugu, kamar sau ɗaya a daƙiƙa. Dabbar da ta taɓa sai ta ji fizga ta ja da baya, bayan sau biyu ko uku ba ta ƙara kusantar wurin. Akwatin da ke tura wutar ana sayar da na kamfani, amma akwai masu haɗa nasu da bobin, wato wannan gwangwanin ƙarfe da ke ba buji wuta a tsofaffin motoci irin su Peugeot 404 da 504. A nan Jiratawa, inda filin noman rani na hukumar ONAHA yake tun farkon shekarun 1980, shingenmu dai ƙaya ce da kara, mai hali ya sa waya. Duk wanda akuya ta taɓa yi wa aski a zogale ya san abin da ke sa mutum neman wata dabara.

Dabarar ta tsufa. A ƙasar Niyu Zilan, wani manomi mai suna Bill Gallagher yana da doki da ya ɗauki motarsa wurin susa, sai ya sa wa jikin motar wuta, dokin ya daina. Daga nan, wajajen 1937, ya haɗa shingensa na farko da kayan wutar mota, kamfanin Gallagher kuwa yana nan har gobe. A Amurka ma manoman wancan zamani sun yi ta kwance bobin na Ford Model T, motar da aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, wadda kowace ke da bobin huɗu cikin akwatunan katako.

A cikin bobin waya biyu ce a nannaɗe jikin ƙarfe ɗaya: mai kauri, naɗi ƴan ɗaruruwa, da siririya kamar gashi, naɗi dubbai. Batir mai bolt 12 yana ba mai kaurin wuta. Da an katse wutar farat ɗaya, siririyar sai ta yi aman wuta ta bolt 15,000 ko fiye. Sirrin ke nan, a katsewar yake. A mota filatin da ke cikin delko ne ke wannan aiki. A shinge ana sa wani ɗan maɓalli mai kunna kansa yana kashewa, wasu su ɗauki na sigina, wasu su haɗa da ƴar na'urar nan NE555 ta masu gyaran rediyo. In aka bar bobin a kunne ba katsewa, zafi zai yi ya ƙone, batir ya mutu a banza.

To, me ya sa bolt dubbai ba su kisa? Saboda bugun gajere ne ƙwarai, kuma akwai hutu tsakani da zai ba mutum ko dabba damar janye jiki. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ce kada tazarar bugu biyu ta gaza daƙiƙa ɗaya. Maɓallin sigina sau da yawa ya fi haka sauri, bobin na Ford kuwa ba ya hutawa sam, zizar wuta yake yi babu tsayawa. Irin wannan tartsatsi, cikin busasshiyar ciyawa da iskar hunturu, gobara ce.

Nan ne za mu tsaya mu ja kunne, jama'a. Wayar da aka jona kai tsaye da kuran na gida, bolt 220, ba shinge ba ce, tarkon mutuwa ce. Wutar gida tana riƙe hannu, ba ta saki. Yaron da ya bi akuyarsa, ko matar da ta sunkuya tsinkar rauga, nan za a tarar da su, mai garka kuma ya amsa tambaya gaban alƙali. Haka waya mai ƙaya, ba a sa mata wuta ko kaɗan, don wanda ta kama wa riga ba zai iya ja da baya ba. Mai ciwon zuciya da ƙaramin yaro, ko shingen kamfani bai kamata su taɓa ba.

Matsalarmu ta biyu ƙasa ce. Wutar sai ta bi jikin dabba ta shiga ƙasa ta koma akwati kafin a ji ta, busasshen rairayi kuwa ba ya ɗaukar wuta. A fadamar Gulbin Maradi, inda ake ban ruwa, turken ƙarfe da aka kafa da zurfi zai yi aiki. A jigawa, cikin bazara, sai an riƙa zuba wa turken ruwa, ko a jera wayoyi, ɗaya mai wuta ɗaya ta ƙasa, yadda dabba za ta taɓa biyun tare. Bobin kuma ƙarfinsa kaɗan ne: ciyawa ta kwanta kan wayar, wutar ta zurare. A ganinmu ya ishi ɗan garken turka ko ƙaramar garka, ban da babbar gona. Tunkiya mai gashi da akuya sun fi saniya wuyar tsarewa.

Sai maganar wurin kafawa, wadda ta fi ta waya nauyi a jihar nan da ba ta manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a watan Oktoba na 1991. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare burtali da mashaya da makiyaya, ba mai ikon toshe su da ƙaya, balle da wuta. Bayan ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa kowace shekara, dabbobi na da damar shiga gonakin damina. Don haka kafin a kafa turke ko ɗaya, a je wurin mai gari da kwamitin filaye na COFO a duba iyaka, a gaya wa maƙwabta da makiyayan da ke bi ta wurin, kuma a rataya alama mai hoto jikin wayar, tunda ba kowa ke karatu ba.