Kaɗaita Allah a Wurin Bani Isra'ila: Littafi Daban, Cikin Gida Daban

Ya kai mai karatu, sau da yawa mukan ɗauka cewa tun daga ranar da Annabi Musa ya kawo wa Bani Isra'ila Attaura, shi ke nan kowa ya miƙe a kan bautar Ubangiji ɗaya. To, ba haka tarihi ya nuna ba.

Dokar farko cikin dokoki goma ta hana su bauta wa wani abin bauta ban da Ubangijinsu, wanda ake kira Yahweh da Ibrananci. A nan masana suka rabu. Wasu suka ce dokar ta kore samuwar waɗansu alloli ne ɗungurungum. Wasu kuwa suka ce a'a, mutanen wancan zamani sun fahimce ta ne kamar a ce: na maƙwabta suna nan, amma ku ba ruwanku da su.

Littattafan Ibrananci da kansu ba su rufa wa mutanensu asiri ba. Sun ba da labarin yadda Annabi Iliyasu ya kara da masu bautar Ba'al a Dutsen Karmel, da yadda Sarki Yosiya, wajen shekara ta 622 kafin Miladiyya, ya fitar da kayan tsafi daga cikin Haikalin Ƙudus ya ƙone. Ka ji fa, daga cikin ɗakin ibadar kansa!

Ƙasa ma ta ba da shaida. A 1975 da 1976 masu tonon kayan tarihi suka gano rubutu a jikin tuluna a Kuntillet Ajrud cikin Sina'i, na wajen shekara ta 800 kafin Miladiyya. A ciki ana roƙon albarkar Yahweh haɗe da Ashera, sunan da Kan'aniyawa ke kiran wata gunkiyarsu.

Sai da Babilawa suka rushe Haikalin wajen shekara ta 586, suka kwashe manyan gari zuwa Babila, sannan magana ta fito fili. Daga sura ta 40 ta Littafin Ishaya ana ta nanata cewa babu wani abin bauta sai Shi, gunki kuwa itace ne da aka sassaƙa. A wancan zamani, wanda aka ci da yaƙi yakan ɗauka an ci ubangijinsa ne. Su kuwa suka ce laifinsu ne ya ja musu.

Abin lura, ɗan'uwa, aƙida ba ta zama daram don kawai an rubuta ta. Sai an yi ta tuni, an sha wuya a kanta, kafin ta shiga cikin ɗaka.